Bakaniken da Ya Ƙi Gyara Motar Baba

Da wani zai tsaya a bakin garejin nan da safiyar ranar, ba abin da zai gani da zai nuna masa cewa yau akwai magana. Amma akwai. Kafin rana ta take, sifana za ta suɓuce daga hannun wani tsoho, kuma abin da Bakanike ya daɗe yana ɓoyewa a naɗin hularsa zai fito fili, a gaban mutumin da aka ɓoye abin dominsa. Zan zo kan wannan. Bari in fara da yadda safiyarsa take, don wanda bai san safiyarsa ba bai san shi ba.

Tun kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu yake isowa. Ya buɗe ɗakin kayan aiki, ya rataye rigarsa mai kyau a ƙusa, ya zura wadda baƙin mai ya mayar kamar fata. Ya share ƙarƙashin rumfar kwano, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga babba zuwa ƙarama. Daga nan sai ya jawo wata tsohuwar kujera da aka cire daga jikin bas, ya kakkaɓe ta, ya ajiye ta inda inuwa ta fi daɗewa. Ba tasa ba ce, shi a kan taya yake zama. Kujerar ta mahaifina ce.

Can sai ga Baba ya ɓullo ta kwanar layi, yana ɗan jan ƙafar dama, matata na biye da shi daga nesa kamar wadda za ta sayen omo. Bai gama sallama ba zai zaro makulli daga aljihu ya kaɗa shi a sama.

"Yau fa?"

"Barka da asuba, Baba Direba. Yau ba za ta tashi ba. Sai gobe, in Allah ya kai mu."

"Gobe, gobe! Kai da goben nan taka an yanke muku cibiya tare? A zamaninmu da an kore ka daga tasha da tsintsiya."

"Gaskiya ne, Baba. Zauna ka nuna mini."

Haka ake yi kullum, fiye da shekara biyu. Ku sani kuwa, wannan mutumin da ake yi wa faɗa, a unguwar nan tun muna yara Yau-yau ake ce masa, saboda mota ba ta kwana a hannunsa. In ka kawo ta da safe, zai kara kunne a jikin injin, ya gaya maka ciwonta, kafin la'asar kana kan hanya. Wanda ya sha wuyar kanikawa ya san darajar irin wannan suna. Shi ne ya ɗauki sunan da ya yi rayuwarsa yana ginawa ya shimfiɗa wa babana ya taka. Yanzu har masu wucewa Sai Gobe suke ce masa, yana amsawa.

Baba direban manyan bas ne na dogon zango tun ban san kaina ba. Abin alfaharinsa guda ne, ko kaza bai taɓa takewa ba. Da ya ajiye aiki sai ya sayi 'yar farar mota, ya ɗora wa kansa kai jikoki makaranta da ɗauko su. Yana da hawan jini tun da daɗewa, amma shansa na magani irin na mutanenmu ne: in kai ya sara a sha, in ya lafa a jefa kwalin a saman kwaba. Abin ya fara a hankali. Ya sa sigina dama ya karya hagu. Ya ci abinci ya tashi, ya dawo yana tambayar ko yau ba a dafa komai a gidan ba. Muka ce tsufa ne, muka yi dariya.

Ranar da dariya ta ƙare, ya je ɗauko 'yar autata daga makaranta, ba su dawo ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa yake kiranta Uwata, kuma ba ta yarda kowa ya ɗauko ta sai shi. Na baro wurin aiki ina bin titi kamar mahaukaci, ina leƙa kowace farar mota. Da yamma wani mai tasi ya kira ni. A tsohuwar tasha ya gan su, wadda tuni aka mayar kasuwar katako. Baba ya faka daidai inda bas ke lodi a da, ya buɗe ƙofofi, yana kiran fasinja. Yarinyar tana baya, ta yi kuka har barci ya ɗauke ta a kan jakarta. Da muka isa gida ta raɗa mini a kunne:

"Abba, a shataletale Kaka ya tambaye ni wanne ne birki."



A asibiti muka dace da wata likita mai haƙuri. Bayan an ɗauki hoton kansa ta kira ni, ta nuna mini wasu fararen tabo a warwatse cikin ƙwaƙwalwar, kamar an yarfa farar ƙasa. Ta ce hawan jini na shekaru ya cinye ƙananan hanyoyin jini, wasu sun tsuke, wasu sun toshe, kuma duk inda jini ya daina kaiwa sai wurin ya mutu. Ta ce irin wannan ciwon mantuwa sau da yawa ba gangara yake yi ba, sauka yake yi kamar matakala: mutum ya daɗe a wuri ɗaya har ku saki jiki, rana ɗaya ya faɗa mataki na ƙasa. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma in aka riƙe jinin da magani ana iya jinkirta saukar. Sai ta kalle ni ta ce abu biyu. Na farko, kada ya sake tuƙi. Na biyu, duk ranar da muka ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a kawo shi nan take, kada a tsaya shafa masa komai, kada a jira a ga ko zai wartsake.

Na dawo gida na ɓoye makulli. Gidan ya kama da wuta. Baba da bai taɓa ɗaga wa matata murya ba, ya tsaya a tsakar gida yana ce mata ɓarauniya, ita da ke dafa masa abinci tana yanke masa farce. Ya daina cin abincinta. Magani kuwa in an miƙa masa sai ya watsar, ya ce mu ne masu ciwo. Wuni yake yi a rana a jikin motar, ya dafa bonet, yana kallon ƙofa. Cikin ɗan lokaci wuyansa ya zama kamar na zakara. Yayana ya kira daga inda yake zaune ya ce in sayar da motar, in sa kwaɗo a ƙofar gida. Ni kuma ina tsakiya: in na ba shi makulli ina ganin 'yata a shataletale, in na kulle shi ina ganin ubana yana ƙarewa a gabana.

A wannan hali na je garejin, da nufin Bakanike ya samo mini mai saye. Yana kwance a ƙarƙashin wata mota ya saurare ni har na gama. Ya fito, ya goge hannu da tsumma.

"Makullin yana ina?"

"Yana wurina, Oga."

"To shi ne ciwon. Kai ka taɓa ganin direba ba makulli a aljihu? Tsirara kuka bar shi. Je ka mayar masa."

"Oga, yarinyata fa?"

"Makulli na ce ka mayar masa. Ka ji na ce mota?"

Ya biyo ni gida ta ƙofar baya lokacin Baba yana sallah. Ya buɗe wani ɗan akwati a ƙasan sitiyari, ya sa yatsu biyu ya zaro fiyus guda, ɗan abu bai fi farce ba, ya cusa a naɗin hularsa. Ya ce wannan ne ke ba famfon mai wuta, in babu shi mota za ta yi ta tari amma ba za ta tashi ba. Muka ajiye makulli a kan darduma, Bakanike ya sulale ta ƙofar baya. Baba ya fito da shi a hannu yana harararmu, ya shiga, ya murza. Ta yi tari. Ya sake murzawa. Sai ga Bakanike ya shigo ta ƙofar gaba da sallama, kamar mai wucewa.

"Baba Direba, me ya same ta? Kai, wannan sai gareji. Riƙe sitiyari, mu tura."

Haka muka tura ta har bakin rumfa, ni da shi da mai facin taya maƙwabcinsa. Baba yana ciki, ƙirji a gaba, gwiwar hannu a taga, yana ba mu umarni: "A hankali! Ku ba ku iya turi ba ne?" Ranar ya ci abincin matata har ya nemi ƙari.

Kai ne, Oga, ka ga abin da mu 'ya'yansa ba mu gani ba. Mu muna ganin mara lafiya, kai kana ganin direba.

Kada wani ya ɗauka zama kawai ake yi a garejin. Baba ba mutumin da za a yi wa wasan yara ba ne, ya san mota kamar yunwar cikinsa. In ya ce a duba fulogi, sai Bakanike ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya nuna masa, ya mayar. In ya ce batir, a yi caji. In ya ce baƙin mai ya tsufa, a juye. Mai faci ya ce a duk faɗin garin nan ba motar da ta kai wadda ba ta tashi lafiya. Shi ma ba ya barin tayoyin su sace, don Baba yakan bi su yana duka da ƙafa.

Akwai kuma dokar da Bakanike ya kafa. Ba a buɗe bonet sai Baba ya sha maganinsa. Matata takan miƙa masa ƙwayoyin a ɓoye a ɗan ƙullin takarda, shi kuma ya haɗa da kofin shayi.

"Dokar gareji ce, Baba. Sai an yi wa direba sabis kafin a yi wa mota."

"Wace irin doka ce wannan? Wa ya kafa ta?"

"Ku manya kuka kafa, mu mun tarar."

Sai Baba ya haɗiye yana gunaguni. Maganin da muka yi roƙo, muka yi kuka, muka kasa ba shi, ga shi yana sha kullum a hannun mai baƙin mai. Da muka koma awo likita ta ga jinin ya sauka, ta tambaye ni me muka canja. Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce in zo mata da Bakaniken. Ya sa rigarsa mai kyau ya bi mu. Ta nuna masa hoton, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato tiyon mai ne ya tsuke, wasu wuraren ba sa samu." Ta ce kusan haka ne, sai dai wannan ba a sayar da sabonsa a kasuwa. Ta maimaita masa alamun nan uku, baki da hannu da magana. Ya ƙirga su a yatsunsa, ya sa ta sake faɗa, ya ƙirga kuma.

Abu ɗaya ya dame shi tun farko, shi ne ƙarya. Mutum ne da ba ya ce wa mai mota an sa sabon kaya alhali tsoho aka wanke. Mai faci yakan tsokane shi:

"Malam Sai Gobe, ranar lahira wannan motar za ta ba da shaida a kanka."

"Ta bayar. Ka taɓa ji na ce ta lalace? Cewa nake yi yau ba za ta tashi ba. Ta tashi?"

"Ba ta tashi ba."

"To ina ƙaryar? Je ka hura tayarka."

Amma abin ya ci masa. Mai faci ne ya ba ni labarin wata mata da ta kawo motarta, an yaba mata aikinsa. Tana tsaye tana bayani sai Baba ya miƙe daga kujera ya ce, "'Yata, ɗauke motarki ki gudu! Tawa tun ina saurayi take nan!" Matar ta kalli farar motar, ta kalli Bakanike. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana goge sifana. Ta shiga motarta ta ja. Mai faci ya ce, "Kai ma da ka ja ta gefe ka gaya mata." Ya ce, "In gaya mata me? Cewa dattijon da ke zaune a rumfata kansa ya taɓu? Ba zan sayar da mutuncinsa in sayi kwastoma ba." Ba ita kaɗai ce ta juya ba. Na yi masa maganar, na ce ko mu janye motar zuwa wani wuri. Ya ce in na ƙara tayar da zancen zai haɗa ni da Baba.

Ranar da ta fi yi masa nauyi, ba faɗa aka yi ba. Baba ya zo da safe kansa a washe, ya zauna yana sauraron tarin motar. Sai ya ce, "Yaro, mai ne ba ya zuwa. Ka duba fiyus?" Mai faci ya ce sai da ya ajiye abin da ke hannunsa. Bakanike bai yi musu ba. Ya buɗe ɗan akwatin, ya matsa gefe. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya sa ido a kan jerin fiyus ɗin nan masu launi-launi, ga gurbi guda a buɗe yana kallonsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce, "Me muke nema ne?"

"Ba komai, Baba. Zo ka sha shayinka."

Ya zaunar da shi, ya zagaya bayan ɗakin kayan aiki. Da ya daɗe mai faci ya bi shi, ya same shi ya haɗa kai da bango. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wallahi yau na so a ce ya kama ni."

To, mu koma safiyar da na fara da ita. An sha magani, an buɗe bonet, Baba yana riƙe da sifana yana jiran a karɓa. Bakanike ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, sai ya ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Baba ba ya yar da kayan aiki, faɗa ma yake yi wa mai yarwa. Ya juyo. Hannun dama yana lilo, gefen baki ya zube, yawu na bin haɓa. Ya ce, "Baba, kira sunana." Abin da ya fito ba magana ba ce.

Ya duba garejin. Mota ɗaya tana kan jak ba tayoyi, ɗayar an sauke injinta. Layin ba tasi, ni kuma ina can ƙarshen gari wurin aiki. Wani mai wucewa ya ce a kawo ruwa a yayyafa masa, wani ya ce a kwantar da shi ya huta. Bakanike ya ce ba wanda zai taɓa shi. Ya durƙusa a gaban Baba.

"Baba Direba, ara mini makulli."

Ya zaro shi daga aljihun rigar. Shi da mai faci suka ɗaga Baba suka sa shi a kujerar gaba, mai faci ya shiga baya ya rungumo kafaɗunsa. Sannan, a gaban idon Baba, Bakanike ya cire hula, ya zazzage ɗan fiyus ɗin a tafin hannu, ya danna shi a gurbinsa. Murzawa ɗaya. Motar da ta yi shekaru tana tari ta tashi lafiya lau, ko gyaran murya ba ta yi ba.

Mai faci ya ce bai taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba, ba don gudu ba, sai don idon Baba, wanda bai bar fuskar Bakanike ba. Suna hawa babban titi injin yana kuka, sai Baba ya ɗaga hannun hagu, wanda ke aiki, ya daki gwiwar Bakanike, ya nuna giya. Bakanike ya canja. Baba ya mayar da kai jikin kujera.

Lokacin da na iso asibiti a guje, har an shiga da shi. Na tarar da Bakanike a tsaye a baranda da rigar aiki, ya ƙi zama don kada ya ɓata musu benci. Da likita ta fito ta ce gudan jini ne ya toshe wata hanya, kuma don an kawo shi da wuri maganin ya samu abin da zai ceta. Ta ce da an tsaya yayyafa ruwa, da wata maganar muke yi. Na zame na zauna a ƙasa. Ban san lokacin da na kama hannun nan mai baƙin mai na kifa fuskata a kai ba. Ya fizge yana cewa, "Kai, tashi, mutane na kallo."

Baba ya farfaɗo. Hannun ya dawo, ko da yake ba ƙarfi kamar da. Maganar ta dawo a hankali, tana ɗan jan ƙafa ita ma. Ya sauka mataki guda, amma bai faɗa rami ba. Yana gane mu, yana kiran Uwata, ko da yake wani lokaci in ya kira ta haka ban tabbata jikar yake nufi ba.

Sai wani sabon tsoro ya kama ni. Ya ga motar ta tashi. Ya ga daga inda fiyus ya fito. In ya riƙe wannan, shi ke nan, mun koma gidan jiya: ko mota ko kwaɗo. Na gaya wa Bakanike, ya ce shi ma bai yi barcin kirki ba, amma in aka sake maimaita ranar, abin da ya yi zai sake yi.

Safiyar da Baba ya fara komawa garejin, ni na raka shi da kaina. Kujera tana inuwa, farar motar tana wurinta, fiyus ya koma naɗin hula. Ya zauna, ya zaro makulli, bai kaɗa shi ba. Ya kalli motar, ya kalli Bakanike. Mai faci ya daina hura taya.

"Yau fa?"



Baba ya ce, "Sai gobe ko?" Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Ya miƙa hannu ya gyara wa Bakanike zaman hularsa, ya danna ta sosai. "Riƙe ta da kyau, kada ta faɗi. Ina shayina?"

Washegari kuwa ya zo yana faɗa kamar yadda ya saba, har da zancen tsintsiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ba gwanin rubutu ba, shi ne Bakanike zai ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, ido ya rage, mai filin kuma zai gina shaguna. Da na ji labari na je na same shi yana raba sifanunsa. Kafin in yi magana ya ce, "Na san abin da ya kawo ka. Akwai bishiya a ƙofar gidana, layi biyu ne daga naku. Gobe ku zo mu tura motar can. Ka ce wa Baba gareji ya tashi." Ya ware sifanu kaɗan da tsumma da kujerar bas ya ajiye gefe. Mutum zai yi ritaya da kwastoma guda, wanda ba abin da yake biyansa da shi sai faɗa.

Oga, kai ne ka mayar wa ubana makullinsa ba tare da ka sa 'yata a haɗari ba. Kai ne ka karɓi zagin da ba naka ba, kullum da safe, da "gaskiya ne, Baba." Kai ne ka ɓoye gaskiyar ƙwarewarka lokacin da ɓoyewa ce taimako, ka fito da ita lokacin da rai ke kan layi, ba ka tsaya tunanin abin da zai biyo baya ba. Yau-yau na jiya, Sai Gobe na yau, duka biyun sunan girma ne a gidanmu. Yanzu ina zuwa aiki ba tare da na riƙa zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara ba. Matata ta daina kuka a kicin. Uwata tana tsayawa a garejin in an tashi makaranta, kakanta yana koya mata sunayen sifanu, wasu daidai, wasu ba daidai ba. Na gode. Mun gode. Allah ya ba ka wanda zai kakkaɓe maka kujera ranar da kake buƙata.

Ku kuma masu karatu, akwai irin Baba a layinku. Wani tela ne da ya manta awo, wata malama ce da ke shirin zuwa ajin da aka rufe tuntuni. Kafin a kai ga kwaɗo, ku duba mene ne makullin mutumin nan, ku bar masa shi a aljihu. Ku matsa wa tsofaffinku su sha maganin hawan jini ko kai bai sara ba. In kuka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ku nufi asibiti da abin hawan da ya fi kusa. In kuma kuna da rumfa da inuwa, ku jawo kujera.

Na tambayi likita yaushe mataki na gaba zai zo, ta ce ba ta sani ba, ba kuma wanda ya sani. Ban sani ba ko Baba zai gane hanyar sabon wurin, ko zai yarda bishiya gareji ce. Kuma har yau, ni da Bakanike da mai faci, ba wanda ya san ko Baba ya san abin da ke cikin hular.